Madannin Kawu

Ranar Lahadi ce, cikin watan Agusta, da misalin ƙarfe goma na safe, a ofishin wata ƙungiyar manoman rani da ke Jiratawa. Waɗanda suka halarta su ne ni, da sakatariyar ƙungiyar, da ɗan kabu-kabun da ya kawo ni daga Maraɗi, da wata kaza da ta fake wa ruwan sama a ƙarƙashin teburi. Abin da ya tara mu shi ne kwamfutar ofishin ta daina fitar da baƙaƙe masu lanƙwasa.

"Jiya lafiya lau na bar ta," in ji sakatariyar. "Yau da safe ta yi mini tambaya, na danna mata eh."

"Hajiya, ai na ce ki daina danna mata eh."

"To ita ta tambaye ni. In yi banza da ita?"

Ɗan kabu-kabu ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, in za ka daɗe, in kai wata mata bakin titi in dawo."

Ban daɗe ba. Na soka wa kwamfutar ɗan kile, wato filashin da nake yawo da shi a aljihu, na mayar da abin da sabuntawa ta share, baƙaƙen suka dawo. Hajiya ta ba ni ƙullin zogale, muka kama hanya. Ruwa ya dawo ya same mu kafin mu hau kwalta, ya raka mu har ƙofar gida. A bayan babur ɗin nan, da zogale a cinyata, na yanke shawarar cewa sai na ƙwato Lahadina.

Ga yadda na rasa ta. Aikina karanta labarai da Hausa a wani gidan rediyo mai zaman kansa, kuma Lahadi ce kaɗai ranar hutuna. A Maraɗi allon rubutu na kwamfuta, wanda muke ce wa kilabiye, iri biyu ne. Wanda ya biyo ta Kwatano ko Yamai yana da jerin Faransanci. Wanda ya shigo ta Katsina yana da jerin Ingilishi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya san da zaman ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Shekarun baya na gaji da gyara takardun labarai da biro, sai na koyi abin da zan iya koya na rubuta wata ƴar manhaja. Aikinta guda ne: ko wane irin kilabiye ne a gabanka, in ka riƙe madannin da ke dama da dogon madanni ka danna b, d, k ko y, sai harafin ya fito da lanƙwasarsa.

Don kaina na yi ta. Amma abin kyauta ba ya ɓuya a garinmu. Mai buga katin biki ya ji, ya zo. Wani malamin makaranta a Tsibiri ya ji, ya aiko. Hajiya ta Jiratawa ta ji daga bakin malamin. Dukansu tsofaffin kwamfutoci ne da su, ni ne kuma na sa musu babbar manhajar nan ta kyauta wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gani. Matsalar ita ce duk lokacin da babbar ta sabunta kanta, sai ta share ƙaramar, kamar yadda ake share tsakar gida ba tare da an tambayi tururuwa ba. Daga nan sai wayata ta yi ƙara. Mutane suna da kirki, ba sa so su dame ni ranar aiki, don haka duk sukan jira Lahadi.

Da na shiga gida a jiƙe ranar nan, matata ta karɓi zogalen ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Sannu da zuwa, likitan baƙaƙe. Mara lafiyar ta tashi?"

"Ta tashi."

"Kai ka haifi abin nan, kai za ka yi ta goyonsa har furfura. Ka yaye shi mana."

Na ce mata abin da nake shirin yi ke nan. Akwai wani babban aikin gayya na mutane daga ƙasashe daban-daban, ba wanda ke biyansu, su ne ke kula da jerin madannai na harsuna masu yawa. Duk abin da suka karɓa, da shi babbar manhajar ke zuwa. Sabuntawa ba ta share shi, ita ce ma ke kawo shi. In suka karɓi tawa, Hajiya na iya danna eh har yatsanta ya gaji.

Saƙona na farko da Faransanci na rubuta shi, amma yadda aka koya mini shiga gidan mutane. Na yi sallama, na tambayi lafiyarsu da ta iyalinsu, na tambayi gajiya, na tambayi yadda damina ta same su in suna da ita, na yi musu sannu da ƙoƙari. Sai can ƙasa na ambaci abin da ya kawo ni. Amsa ta zo daga matar da ke kula da sashen. Ban san ƙasarta ba, ban san fuskarta ba, domin a gurbin hotonta agwagwa ce ta roba, ruwan ɗorawa. Abin da ta rubuto layi ɗaya ne: in raba aikin gida biyu, in cire sararin da na bari a ƙarshen layuka.

Na nuna wa matata. Na ce, "Ko sannu babu."

"Me kake jira daga agwagwa?" in ji ta.

Tun daga ranar sunanta a gidanmu Mai Agwagwa. Dole in yi mata adalci: ta san aikinta, kuma ba ta taɓa barin saƙona ya kwana biyu ba amsa ba. Ta sa na sauya sunayen abubuwa, na kwashe su daga inda na jibge su na jera inda tsarinsu ya tanada, na zubar da rabin abin da na rubuta domin ashe suna da irinsa tun tuni, wanda ya fi nawa kyau. Makonni muka yi a haka. Ƴar manhajata ta rame, amma ta yi tsaf. Har na fara tunanin abin da mutum ke yi da Lahadi in ta zama tasa.

Sai ta aiko da tambaya. Ta ce ta gwada kowane madanni, kowanne ya ba ta harafi ɗaya, ban da na can ƙurya ta sama. Shi da ta danna, sai ya zubo mata sakin layi guda. Me wannan?

Wannan shi ne madannin Kawu.

Kawu yayan mahaifiyata ne, ɗan kasuwar hatsi a Tsibiri, mutumin da motocinsa ke kai gero har ƙetaren iyaka. Shi ya ba ni kwamfutar da na rubuta manhajar a kanta. Bai nemi komai ba sai abu ɗaya. Kusan kullum yana aiko da gaisuwa a gidan rediyonmu, kuma masu buga sanarwa sukan gajarta masa kirari don ƙyuya. Da ya ji ina iya sa madanni ya yi abin da na ga dama, sai ya ce in ware masa guda. Ya zaunar da ni ya yi mini shifta da bakinsa. Tun daga lokacin, duk kwamfutar da na sa wa manhajar, in aka riƙe madannin dama aka danna na ƙurya, ga abin da ke fitowa:

"Gaisuwa ta musamman ga babban ɗan kasuwa, rumbun Tsibiri sha ɗiba, ɓauna a bakin gulbi, inuwar ƴan tireda, mai ƙwaryar da ba ta kifewa, Allah ya ƙara buɗi."

Hajiya ta taɓa danna shi bisa kuskure a tsakiyar takardar rabon ruwa, aka karanta wa manoma haka nan, ba wanda ya ga abin mamaki.

Na rubuta wa Mai Agwagwa dogon bayani. Na gaya mata matsayin kawu a wurinmu, na gaya mata asalin kwamfutar, na ce madannin a ƙurya yake ba ya tare wa kowa hanya. Ta amsa da cewa tana gaida kawuna, amma dokar aikinsu ita ce madanni ɗaya harafi ɗaya, kuma ba za ta iya aika wa mutanen duniya kirarin mutum guda ba. In na cire shi, aikina ya shiga. In ban cire ba, ya tsaya a bakin ƙofa.

Wannan ne karo na farko da ta gai da wani, kuma ba ni ba ne.

Da a ce Kawu bai san da maganar ba, da na cire madannin shiru na ci gaba da sa masa shi daban a kwamfutar rediyo. Amma na riga na ba mahaifiyata labari, ita kuma ba ta ɓoye wa yayanta abin alheri. Lahadin da ta biyo na je Tsibiri bayan la'asar, da niyyar in gaya masa gaskiya. Na tarar da shi a zaure bisa darduma, buhuna jere a bayansa, abokansa dattawa sun kewaye shi. Ban gama cire takalmi ba ya ɗaga hannu.

"Ga shi nan! Ga ɗan nawa! Zauna ka gaya masu da bakinka, don sun ce ƙarya nike."

"Ina wuni, Kawu."

"Lafiya lau. Gaya masu. Ba ka ce za a sa wanga abu cikin kwamfutocin duniya duka ba?"

"Ana dai kan magana, Kawu."

"Kun ji ko? Har Sin?"

"In an karɓa, ko'ina zai je."

"Har Sin," in ji Kawu, ya juya wajen wani tsoho mai sayar da buhunan wofi. "Kai da ka ce ko Madarumfa ba a san ni ba. Mutumin Sin zai zauna, ya danna, ya ga ɓauna."

"Ya gane me?" in ji tsohon.

"Ya tambaya! Ba haka ake sanin mutum ba?"

Na sha ruwa, na ci goro, na tambayi lafiyar kowa ɗaya bayan ɗaya, na tambayi farashin wake. Da aka kira magariba na yi sallama. A wajen aiki ni ne mai karanta labarin hatsarin mota da murya ɗaya da ta labarin buɗe rijiya. Amma gaya wa kawunka a gaban abokansa cewa agwagwa ta ƙi shi, wannan ba a koyar da shi a ɗakin labarai.

"Ka faɗa masa?" in ji matata.

"Na gaishe shi."

Lahadin gaba ma na gaishe shi. Ta bayanta kuma ban samu zuwa ba, domin Hajiya ta sake danna eh.

Ana cikin haka Mai Agwagwa ta ce tun da maganar madanni ta tsaya, mu rage wani aikin. Tsarinsu shi ne kowane jerin madannai sai an haɗa shi da rubutun gwaji. Suna da injin da ba ya barci. Duk lokacin da wani, a ko'ina yake, ya taɓa wani abu a cikin aikin, injin zai bi jerin kowane harshe yana danna madannai da kansa, ya rubuta rubutun gwajin daga farko har ƙarshe, ya duba ko ya fito daidai. In ya fito, ya nuna kore. In harafi ɗaya ya kauce, ya nuna ja, aiki ya tsaya. Ta ce in aiko mata da ƴan layuka na Hausa ta gaskiya, waɗanda ke ɗauke da baƙaƙen nan huɗu.

Saƙon ya same ni saura kaɗan in shiga karanta labaran rana. Labaran gidan rediyo ba nawa ba ne da zan bayar, kuma ba ni da lokacin tsara jimla. Sai na yi abin da kowane ma'aikacin gidan ke yi in yana sauri: na riƙe madannin dama na danna na ƙurya. Na aika, na shiga ɗakin watsa shiri.

Da na fito amsa na jirana. Ta ce rubutun ya yi, duk baƙaƙen suna ciki, za ta sa injin ya riƙa rubuta shi sau biyu, da ƙananan baƙaƙe da kuma manya. Sharaɗi ɗaya ya rage: mai rubutun ya yarda a sa shi ƙarƙashin ƙa'idar aikin, wato kowa na da izinin kwafa, da rabawa, da canzawa. Ta tambaya wa ya tsara shi.

Wannan karon da safe na je Tsibiri, lokacin da na san dattawa ba su taru ba. Na sami Kawu shi kaɗai yana kallon masu awo. Na durƙusa na karanta masa labarin kamar yadda nake yi a rediyo, babban kanu da farko.

"Kawu, sun ƙi madannin."

Ya ɗebi gero a tafin hannu ya bar shi ya zube.

"Wa ya ƙi?"

"Wata mata ce."

"Ɗiyar wa?"

"Ban sani ba, Kawu. Hoton agwagwa gare ta."

"Agwagwa." Ya daɗe yana kallon ƙofar zaure, inda tsoho mai buhunan wofi ya saba zama. "To mi zan ce ma wancan?"

Sai na kawo masa labari na biyu. Na yi masa bayanin injin. Na ce mutumin Sin ba zai danna ba, gaskiya ne. Amma akwai wani abu da zai riƙa karanta kirarin da kansa, safe da rana, duk sanda wani ya taɓa aikin, ko mutumin yana so ko ba ya so.

"Ba a danna shi?"

"Ba a danna shi."

"Ba ya gajartawa?"

"Ba ya iyawa. Kuma sau biyu yake yi, na biyun da manyan baƙaƙe."

"Ai da manyan ya dace tun farko," in ji Kawu. Ya gyara zama. "To mi ya hana?"

"Sai ka yarda cewa kowa na iya canza shi."

Fuskarsa ta koma yadda take in dillali ya yi masa tayin raini. Ya ce wa zai canza. Na ce kowa. Ya ce ya rage ko ya ƙara. Na ce ƙa'idar ba ta bambanta ba. Ya ce in ƙari ne ya yarda, in ragi ne bai yarda ba, in je in gaya wa agwagwa haka. Na ce ba a sa wa ƙa'idar sharaɗi, ko a ɗauke ta duka ko a bar ta duka. Ya ce to wannan ba ciniki ba ne, fashi ne. Wani na iya tashi ya mayar da ɓauna akuya.

A nan na ga Lahadina tana tafiya. Ko da na nemi wani rubutun gwajin, hakan na nufin in fitar da Kawu gaba ɗaya, kuma ba zan iya ba. Sai na tuna abin da ban faɗa ba. Na ce in mutum ya kwafa ya kai gidansa, yana iya yin abin da ya so. Amma a cikin babban aikin, in madanni ya kauce har harafi ɗaya na kirarin ya fito ba daidai ba, injin zai yi ja, kuma aikin wannan mutum ba zai wuce ba sai ya gyara.

"Ya yi ja?"

"Jawur."

"Don an taɓa ni?"

"Don an taɓa harafin."

"Harafin wa?"

"Naka, Kawu."

Ya yi dariya har mai awo ya ɓata lissafi ya sake daga farko. "Ashe yana da kishi! Maroƙan garin nan duka babu mai yin ja don an taɓa ni. Rubuta mata, ka ce na yarda. Ka ce ina gaida agwagwa."

Na rubuta, na cire madannin, ta karɓi aikin. Saƙonta na ƙarshe layi ɗaya ne kamar kullum, sai dai a ƙarshensa ta rubuta "sannu" da Hausa. Matata ta ce kada in yi rawar kai, wataƙila Kawu take yi wa.

Bayan kwana kaɗan amalanke ya tsaya a ƙofar gidana da buhun gero. Saƙon Kawu shi ne ba a barin mai kirari ya tafi hannu wofi, in kai wa injin. Na tambayi Mai Agwagwa inda injin yake zaune. Ta ce ita ma ba ta sani ba, ba ma guda ɗaya ba ne, aronsu ake yi. Na mayar wa Kawu da wannan bayani, ya ce to in ajiye har a gano gidansa. Matata ta ce gero ba ya jiran adireshi, ta fara dama mana fura da shi.

Sabuntawar da ke ɗauke da aikin ta iso Maraɗi bayan girbi. Hajiya ta danna eh, baƙaƙen suka zauna daram, kuma daga ita har mai katin biki har malamin makaranta babu wanda ya sake kirana a kan lanƙwasa. Kawu kuwa ya ce ba ya yarda da labarin da bai gani da idonsa ba. Tun daga lokacin, kowace Lahadi bayan la'asar nakan hau kabu-kabu in je Tsibiri in buɗe wayata a zaure, in nuna wa dattawa cewa injin ya yi kore.